Tafkin ninkaya a sabon gida a Kano: tambayoyin da masu gini suka fi yi mini

A da, in ka ce za ka haƙa tafkin ninkaya a cikin gidanka a Kano, sai a tambaye ka ko otal za ka buɗe. Yanzu kuwa sau da yawa in aka kawo mini zanen sabon gida daga Nasarawa, Bompai, Hotoro ko sababbin unguwannin bayan Rijiyar Zaki, sai na tarar da ɗan shuɗin murabba'i a bayan gidan. Aikina kula da gini ne, kuma na tsaya a kan irin wannan aiki ba sau ɗaya ba. Wasu sun yi kyau, ɗaya kuma har yau in na tuna shi sai na ji kunya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yi mini a waya, a bakin aiki, har a wurin ɗaurin aure in an ritsa ni. Matasa kan ce masa suwimin ful, ni dai tafki zan riƙa cewa.

Na sayi fili, ina so gidan ya kasance da tafki. Daga ina zan fara?

Ba daga haƙa ba. Rami shi ne abu mafi sauƙi a cikin lamarin. Ka fara da zama da iyalinka da mai zanen gidan, ku amsa abu uku tun kafin a sa diga a ƙasa: daga ina ruwan zai riƙa zuwa a watan Afrilu, me zai riƙa juya injin tace ruwan kowace rana, kuma me zai hana yaro mai rarrafe isa bakin ruwan. In ɗaya daga cikin ukun ba shi da amsa, a dakata.

Sa'arka ɗaya, gidan sabo ne. Tun ran gini tun ran zane. Muddin ba a tayar da katanga da ɗakunan gaba ba, motar haƙa za ta shiga har bayan fili ta gama ramin a yini ɗaya ko biyu, tifa ta kwashe ƙasar. Na taɓa zuwa wani gida da maigidan bai tuna da tafki ba sai bayan an yi fenti an shimfiɗa intalok. Hanyar da ta rage zuwa baya wani siririn lungu ne tsakanin katanga da bangon kicin, ko baro ba ya wucewa. Da kwanon sarki leburori suka riƙa fito da ƙasar a ka, har sati uku, kuma sai da aka sake fentin lungun gaba ɗaya. Ka tuna ramin da ake haƙawa ya fi tafkin girma sosai, domin sai an bar wurin kaurin bango da wurin tsayawar ma'aikata. Ƙasar da za ta fita ta kusa ninka ruwan da zai shiga.

Ko da kuɗin tafkin bai samu ba yanzu, ka sa a ware wurinsa a zane, a kauce masa da sokawe da bututun bayan gida, a ja masa wayar wuta da bututun ruwa a rufe bakinsu. Wannan kuɗinsa kaɗan ne ranar da ake zuba fandisho.

Fulotina ƙafa 50 da ƙafa 100 ne. Zai ɗauka?

Zai ɗauka in gidan bai cinye filin ba. Irin wannan fuloti kusan mita 15 da mita 30 ne. In ka fitar da gida, wurin ajiye mota, ɗakin maigadi da wurin shanya, abin da yakan rage a baya ba ya wuce wa tafki mai mita 6 da mita 3. Kada ka raina shi, ya ishi iyali. Mai mita 8 da mita 4 ya fi dacewa da fili mai fuloti biyu. Sannan a bar aƙalla mita ɗaya da rabi na daɓe a gefen da ake shiga, da ɗan ɗakin injin wanda mutum zai iya tsugunawa a ciki ya kwance famfo ba tare da ya fasa bango ba.

Kada a manna ramin da ginin gida ko katangar maƙwabci. Abin da muke bi shi ne nisan ramin daga tushen gini kada ya gaza zurfinsa, sai in injiniya ya yi lissafi ya ce ga yadda za a tokare.

A wane ɓangare na gidan ya fi?

Inda rana ke faɗa masa sosai, kuma inda uwargida za ta iya hango ruwan daga falo ko tagar kicin. Nesa da darbejiya da mangwaro: ganye da fure su cika rariyar injin, saiwa kuma ta bi danshi ta nemi bututu.

Sai maganar da masu zane da yawa ke mantawa, wato sutura. A Kano, tafkin da ake hangowa daga benen maƙwabci tafkin maza da ƙananan yara ne kawai, Hajiya da 'yan mata ba za su taɓa shiga ba. Ka tsaya a tsakiyar wurin ka ɗaga kai ka duba kowace kusurwa. Ka duba har fulotin da babu kowa a kai yau, domin gobe mai shi na iya tayar da bene hawa biyu. Akan magance wannan da ƙarin tsayin katanga a gefe guda ko rumfa mai rufe rabin tafkin. Haka nan ka lura da taka haƙƙin: kada ɗakin injin ya jingina da bangon ɗakin kwanan maƙwabci.

Sai na nemi izini?

Ka sa tafkin a cikin zanen da za ka kai wa hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, tare da sauran ginin. Ya fi maka sauƙi a amince da shi gaba ɗaya da ka dawo daga baya kana bayani. Zanen rodi da kankare kuma ya fito daga hannun injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wato COREN, ba wanda yaron ofis ya kwafo daga intanet ba.

Me ya sa kake ta nanata a gwada ƙasa? Ai ƙasar Kano tsandauri ce.

Wata tsandauri ce, wata ba ita ba ce. Akwai inda za ka haƙa mita ɗaya ka ci karo da marmara ko dutse, kuɗin haƙa ya ninka. Akwai gefen fadama da bakin rafi, inda ruwan ƙasa ke tasowa a watan Agusta har ya cika rami da kansa. Mafi haɗari kuma shi ne cikon kududdufi. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san kududdufan da aka riƙa ɗibar ƙasar gini daga cikinsu, ya kuma san da yawansu an cike su da shara da ɓaraguzai an yanka fulotai.

A nan ne na sha tawa kunyar. Maigidan yana sauri, ya ce ƙasar lafiya lau take, ni ma na biye masa ban sa an gwada ba. Da haƙa ya kai kusan mita ɗaya da rabi muka fara ganin baƙar ƙasa mai wari, da tsummokara da ledojin da suka shekara a binne, har da wani tsohon takalmin roba. Maimakon in tsayar da aiki, sai na sa aka kwashe abin da ido ya gani, aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe. Damina ɗaya tafkin ya yi. Gefe guda ya zauna, layin ruwan ya karkace a jikin tayil yadda ko yaro zai gane, sai ga tsaga daga kusurwa har ƙasa. Ruwan tafki mai mita 8 da mita 4 kaɗai ya kai nauyin tan 45, ban da kankaren. Shara ba ta ɗaukar wannan.

Kafin ka biya a kawo na'urar gwaji ma, ka tambayi dattawan unguwar me ke wurin a da, ka kuma leƙa rijiyar maƙwabta da damina ka ga inda ruwa ya tsaya.

Na kankare, na faiba, ko na roba?

Na kankare mai rodi shi ne wanda kayansa da ma'aikatansa ke nan a gari. Siminti, rodi, tsakuwa, bututu da tayil duk za ka same su tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma in ya lalace akwai mai gyara. Na faiba kwami ne da ake ƙerawa a masana'anta a kawo shi ɗungurungum a saka a rami. Yana da saurin girkawa kuma gansakuka ba ta kama jikinsa da sauƙi, amma sai an yi tunanin motar da za ta kawo shi daga nesa, da ƙugiyar da za ta tsallakar da shi katanga, da wanda zai liƙe shi in ya fashe.

Na roba da ake kafawa a kan daɓe, irin na Intex ko Bestway, ina ba mutane shawarar su fara da shi. Ka saya ka kafa, ka yi bazara ɗaya da hunturu ɗaya kana kula da shi. In har bayan shekara yara na shiga kuma ba ka gaji da share shi ba, ka haƙa na gaske. Na san gidan da bayan wata huɗu aka naɗe shi aka kai sito, maigidan kuma ya yi mini godiya.

Birkilan da ya gina mini gida ba zai iya ba?

Zai iya taimakawa, amma kada ya zama shi ne jagora in bai taɓa yin abin da ke riƙe ruwa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera bulo kamar za a yi sokawe, a yi filasta, a manna tayil, a ce an gama. Tayil ado ne, ba ya hana yoyo. Abin da ke riƙe ruwa kankaren ne da kansa.

Ga abin da nake tsayawa a kai. Ƙasan da bangon su zama zubin kankare mai kaurin santimita 20 zuwa 25, da rodi yadda injiniya ya zana, a kuma ɗaga rodin da 'yan duwatsun siminti don kankare ya lulluɓe shi da santimita 4 zuwa 5. Rodin da ya taɓa ƙasa tsatsa zai yi ya fasa kankaren daga ciki. In ba a zuba ƙasa da bango rana ɗaya ba, sai an sa robar tare ruwa a mahaɗarsu, domin nan ne yoyo ya fi fitowa. A yi amfani da injin girgiza kankare, ba sanda ba. Duk bututun da zai ratsa bango a sa shi kafin zubi, kuma a gwada shi da matsin ruwa kafin a binne. Kada ka bar lebura ya ƙara ruwa a kwaɓi don ya ji daɗin shebur.

Bayan zubi a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, musamman da hunturu da iska ke busar da komai kafin azahar. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Daga nan a cika kwamin da ruwa tun yana tsirara, ba tayil, a bar shi kwanaki ana duba alama. Masu gida ba sa son wannan matakin saboda kuɗin ruwa da jira. Ni kuwa ba na yarda a manna tayil ko ɗaya sai an yi shi.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi aikin?

Da ɗaukewar ruwan sama, daga ƙarshen Oktoba. Rami a watan Yuli ko Agusta kududdufi ne, gefensa na zaftarewa. In aka fara a Nuwamba, kafin zafin Maris ya kankama an gama.

Zurfin fa? Yarana maza suna so su riƙa yin alkafura.

Daga mita 1 a gefe guda zuwa mita 1.5 a ɗaya gefen ya wadatar. Babba zai iya tsayawa a ko'ina, ruwan da za ka saya ya ragu, haƙa ya ragu. A wannan zurfin an hana tsunduma da ka, domin kai na buga ƙasa wuya ke karyewa. Tafkin da za a yi tsalle da ka a cikinsa yana bukatar zurfin da ya kai mita biyu da rabi ko fiye, da tsawon da yawancin gidaje ba su da shi. Ka faɗa wa samarin su haƙura. A yi matakala mai faɗi a gefen marar zurfi, inda tsofaffi za su zauna su jiƙa ƙafa, daɓen kewaye kuma ya zama mai kaushi. Tayil ɗin falo mai sheƙi in ya jiƙe ya fi kuɓewa santsi.

Ruwa nawa zai ci, kuma daga ina?

Lissafin mai sauƙi ne: tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi, duk mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi lita 1,000 ce. Mai mita 8 da 4 da zurfin 1.4 ya kama kusan lita 45,000. A jarkar mai garuwa mai lita 25, jarka 1,800 ke nan. In kura na ɗaukar 12, kura 150. Mai mita 6 da 3 kuwa wajen rabin haka ne.

Ba na ba kowa shawarar ya jingina da famfon gwamnati. Ruwan Tamburawa da Challawa bai wadatar da sha da girkin gari ba ballantana tafki. Saura rijiyar burtsatse da tanka. Yawancin Kano a kan dutse take, don haka rijiyoyi da yawa ba su da ƙarfi, kuma sukan ja baya a bazara. Kada a kunna samo, wato famfon cikin rijiyar, dare da rana don cika tafki, a ƙone shi ko a ƙafar da rijiyar. A cika a hankali cikin kwanaki, ko a haɗa da tanka. A kai ruwan rijiyar ɗakin gwaji tukuna, musamman in gidan na kusa da masana'antun fata na Sharaɗa, Challawa ko Bompai. Ruwan da ke da sinadarin ƙarfe yakan fito garau, amma da an zuba masa kulorin sai ya koma kalar shayi.

Cikon farko ba shi ne damuwa ba. Damuwar ita ce abin da rana da iska ke sha. A tafki mai mita 8 da 4, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 320 ce ta tafi, kuma a tsakiyar rani ba abin mamaki ba ne ya kusa yin haka a yini. Murfin tafki na rage wannan sosai.

Wani abu kuma da ba na lissafi ba. In a layinku akwai gidajen da yara ke yawo da bokiti da asuba, ka fitar da kan famfo biyu a jikin katangarka ta waje kafin ka cika tafkin. Da yawan masu hali a garin nan haka suke yi tun ba yau ba.

Duk sati za a riƙa zubar da ruwan a sake sabo?

A'a. Tafkin da ake kula da shi yakan yi shekaru da ruwa ɗaya, ciko kawai ake yi. Famfo ke jan ruwan ya tura shi cikin tukunyar yashi ta tace shi ya dawo. Ana so duk ruwan ya zagaya cikin awa 6 zuwa 8, wato ga lita 45,000 famfon da ke tura wajen lita 7,500 a awa. In agogon jikin tukunyar ya nuna matsi ya hau, sai a juya hannun a wanke yashin da baya. Ruwan wankin nan a yi masa hanya zuwa magudana tun a zane, kada ya malale lungu ya jawo maka ƙara wurin mai unguwa.

Yaya zan yi da wuta?

Famfon gida na yau da kullum yana cin wajen wat 750. Awa 8 a rana yunit 6 ke nan, yunit 180 a wata. Ka duba abin da kamfanin wuta na KEDCO ke cajin layinku a kan yunit ka ninka. Amma tambayar gaskiya ita ce ko wutar za ta zo. A zafin Afrilu, famfo ya kwana biyu ko uku a kashe ba kulorin, ruwan ya fara kore. Shi ya sa na fi son sola a wannan aiki: lokacin da ake bukatar famfon ya yi aiki shi ne da rana, daidai lokacin da faranti ke ba da wuta, don haka ba sai an tara batir mai yawa ba. A faɗa wa mai haɗa solar tun farko, domin famfo na fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba. Wanda ya ce da janareto zai riƙa yi, yawanci wata biyu yake jurewa.

Ina tsoron wuta ta ja mutum a cikin ruwa.

Tsoronka na kan hanya. Fitilun cikin ruwa su zama masu bolt 12, taransifomarsu na can ɗakin injin. Duk layin da ya shafi tafki a sa masa makashin da ke yanke wuta da kansa in ta zurara, mai miliamfa 30, a riƙa danna maɓallin gwajinsa. A haɗa rodi, tsani da duk wani ƙarfe da wayar ƙasa. Kada a ja wayar soket zuwa bakin ruwa don cajin waya ko sifika. A nan ba a neman araha wajen mai gyaran wuta.

Wane magani ake zubawa?

Kulorin, da abin daidaita tsamin ruwa. Ka sayi ɗan akwatin gwaji, ka koyi amfani da shi da kanka ko da ka ɗauki yaro. Kulorin ya tsaya tsakanin 1 da 3 a ma'aunin akwatin, ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.8. In pH ya haura, kulorin ba ya aiki sosai ko ka zuba bokiti. In ya faɗi, ido ya yi zafi, ruwan ya fara cin simintin tsakanin tayil. Rana na cinye kulorin, don haka da magariba ake zubawa.

Kulorin iri biyu aka fi samu, na gari da na ƙwaya. Kada a taɓa haɗa su a mazubi ɗaya, kada a haɗa ɗayansu da asid. Suna iya kamawa da wuta ko su fitar da iska mai guba. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. A ajiye su a inuwa, a kulle, nesa da man janareto. Masu tallar tafkin gishiri kan ce ba ya bukatar kulorin. Gaskiyar ita ce wata na'ura ce ke mayar da gishirin kulorin, kuma ita ma wuta take ci.

Da hunturu fa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan ya yi sanyin da ba mai shiga sai mai taurin kai, amma a lokacin ne ya fi ba da aiki. Ka share da yamma, da safe ka tarar da ƙura ta kwanta a ƙasan kamar an barbaɗa garin ƙuli, in ka ja yatsa a matakala sai layi ya fito. Wannan ƙura ta fi ƙarfin yashin tukunya, wucewa take yi ta dawo. Akan zuba maganin da ke dunƙule ta ta kwanta, a kashe famfo ta kwana, da safe a zuƙe ta waje kai tsaye. Wanda ya sayi murfi ya huta da rabin wannan.

Ba zai tara mana sauro ba?

Ruwan da ke zagayawa kuma yake da kulorin ba ya yi wa sauro daɗi. Wanda aka yi watsi da shi ne matsala: cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro, ka raba wa unguwa zazzaɓi. Ka duba har ruwan saman da ke taruwa a kan murfin.

Injiniya, ni jikoki ne damuwata. Gidan nan ba ya rabuwa da yara.

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nitsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mu nan ma kowace damina muna jin jami'an kashe gobara sun ciro yaro daga kududdufi ko rijiya. Yaro in zai nitse ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da za ki juya miya ki dawo.

Katangar gida ba ta isa ba, domin yaran a cikin gidan suke. Tafkin na bukatar shingensa na kansa ta kowane gefe, har gefen da ke kallon ƙofar falo. Tsayinsa kada ya gaza mita 1.2, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 10, kuma kada maƙeri ya yi masa ado a kwance wanda yaro zai taka kamar tsani. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, ta rufe kanta, sakatar na sama inda hannun yaro ba ya kai. A kawar da kujera, bokiti da tukunyar fulawa daga jikinsa. Masu gida kan ce shinge na ɓata kyan wurin. Na ƙi karɓar aiki a kan wannan, ban kuma yi nadama ba.

Ranar da ta fi ba ni tsoro ita ce ranar taro: suna, biki, yawon salla. Gida cike da manya, kowa na zaton wani na kallo. A irin ranar ko dai a sa kwaɗo, ko a zaunar da babba ɗaya a bakin ruwa, ba waya a hannunsa, in zai tashi ya damƙa wa wani da baki. 'Yar aiki mai shekara 12 ba mai gadin ruwa ba ce. Robar hannu da taya mai iska kayan wasa ne. A koya wa yaran iyo, su ma manyan gidan, ke ma Hajiya, a kuma samu mutum biyu a gidan su koyi taimakon farko na danna ƙirji da hura numfashi. Ƙungiyar Red Cross na koyar da shi.

Sai magudanar ƙasan tafkin. A sa biyu, da tazarar aƙalla santimita 90, masu murfi mai tudu. In ɗaya ce tak, tsotson famfo na iya riƙe cikin yaro ko gashin yarinya a ƙasan ruwa yadda babba ma ba zai iya ɓamɓare ta ba. Kowa a gidan ya san inda makashin famfon yake.

Nawa zan tanada?

Ba na faɗin kuɗi a rubuce, domin farashin siminti da rodi ba ya kwana wuri ɗaya, famfo da tukunya da kulorin kuma dala suke bi. Ka karɓi lissafi daga mutum uku, kowanne a rarrabe: haƙa da kwashe ƙasa, kankare da rodi, maganin hana yoyo, tayil, bututu, injina da sunan kamfaninsu, wuta, daɓe, shinge, murfi, ruwan gwaji da ruwan ciko. Wanda ya fi araha, duba abin da ya tsallake, yawanci shinge ne da gwajin ruwa. Ka je ka ga aikin da ya yi wanda ya shekara uku, ka yi magana da maigadin gidan, shi ya san gaskiya. Kada kafin alƙalami ya yi yawa, a biya mataki-mataki, a riƙe wani kaso sai tafkin ya yi wata cike da ruwa.

Sannan ka rubuta kuɗin wata: wuta, magani, ciko, da ladan mai kula. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ruwan na raguwa. Yoyo ne ko rana?

Ɗauki bokiti ka ɗora a kan matakala, ka zuba masa ruwa daidai da na tafkin, ka yi alama ciki da waje, ka kashe famfo awa 24. In sun sauka tare, rana ce da iska. In na waje ya fi sauka, yoyo ne. Ka sake gwadawa famfo na aiki. In raguwar ta ƙaru, bututu ne ba kwamin ba.

Ba fili a ƙasa. A saman dakin, wato rufin kankare na bene, fa?

Ruwa mai zurfin mita ɗaya tan guda ne a kan kowace murabba'in mita. Dakin na gidan zama ana lissafa shi ne da kilo 150 zuwa 200 na mutane da kaya a kan kowace murabba'in mita. Don haka ba zai ɗauka ba, sai dai in tun daga fandisho aka zana ginin don tafki. Har na roba ma kada a kafa a baranda.

Za mu tafi Umara, daga nan mu wuce hutu, wata biyu. In zubar da ruwan?

Kada ka zubar, Alhaji, musamman da damina. Kwamin da ba ruwa kamar kwale-kwale yake: in ruwan ƙasa ya taso zai iya ɗaga shi ko ya tsaga ƙasansa. Da rani kuma rana na gasa tayil har ya fara ɓallewa, ga rami mai mita ɗaya da rabi buɗe a tsakar gida. Ka bar shi cike, ka sa wa famfo agogon da ke kunna shi da kansa, ka cika mazubin da ke sakin ƙwayar kulorin a hankali, ka ja murfi. Ka bar mutum ɗaya amintacce ya riƙa zuwa sau biyu a sati ya gwada ruwan, ya zubar da kwandon ganye, ya turo maka hoton akwatin gwajin ta WhatsApp. Makullin shingen kuma ya zauna a hannunsa shi kaɗai, kada a rataye shi a ɗakin maigadi inda yaran maƙwabta suka san wurin.